Matan Da Suka Goya Mu Zuwa Gabas: Haƙƙin Uwa Da Kaka A Tarihin Hausawan Gallabat

  

'Yan'uwa, idan ka zauna da Bahaushen Sudan ka tambaye shi asalinsa, ba zai yi wata-wata ba zai jero maka sunaye. Zai ce kakan babansa Alhaji wane ne ya taso daga Kano, ko Haɗejia, ko Katsina, ko Damagaram, da niyyar sauke farali, ya yi noma a wuri kaza, ya koyar da allo a wuri kaza, har Allah Ya zaunar da shi a nan. To ƙara masa tambaya ɗaya tak: da wa ya taso? Mene ne sunanta na yanka? 'Yar wane gari ce? Sau da yawa a nan magana take tsayawa. Sai a sosa ƙeya a ce, "Mu dai Hajja muka taso muka ji ana ce mata." Wannan shirun shi ne dalilin wannan rubutu, kuma ba Hausawan Sudan kaɗai ya shafa ba. Mai karatu a Zariya ko Maraɗi ya gwada kansa: sunayen kakanninsa mata nawa zai iya kawowa, in an haura uwar uwarsa da uwar ubansa?

Garin da mahajjata suka raya

Gallabat gari ne a jihar Gadarif da ke gabashin Sudan, a daidai bakin iyaka da ƙasar Habasha. Daga birnin Gadarif tafiyar kilomita 150 da 'yan kai ce ta kudu maso gabas, ta hanyar Doka. Ɗan rafi ne da gada suka raba shi da garin Matamma na Habasha. An san garin tun ƙarni na 18 da mutanen da Larabawa ke kira Takarir, wato Musulmin yamma masu tafiya Makka a ƙasa. Mafi yawan na farkon daga Darfur da Wadai suke, sannan ga mutanen Barno da ƙasar Hausa a cikinsu. Wasu a kan hanyar tafiya suka yada zango, wasu a kan hanyar dawowa, suka ga ƙasa mai albarka da kasuwa mai ci, suka zauna. Lokacin da Baturen nan mai yawon bincike Samuel Baker ya sauka a garin a 1862, ya tarar da kasuwar auduga da gahawa da zuma, da shehun Takarir yana riƙe da gari a tsakanin manyan masu iko biyu, Turkawan Masar ta yamma da sarkin Habasha ta gabas.

Littattafan tarihi sun fi tuna Gallabat da yaƙi. A watan Maris na 1889 aka gwabza a nan tsakanin mayaƙan Mahadi ƙarƙashin Zaki Tamal da rundunar Sarkin Habasha Yohannis na 4, wanda ya samu raunin da ya zama ajalinsa. A 1940 kuma sojojin Italiya da na Ingila suka yi ta ɗauki-ba-daɗi a kan ganuwar garin. An rubuta sunayen sarakuna da kwamandoji. Matan da suka kwashi yara suka shiga daji, suka dawo suka sake haɗa murhu a kan toka, ba a rubuta ko ɗaya ba.

Babbar igiyar Hausawa da Fulani ta biyo bayan zuwan Turawa ƙasarmu. A watan Yuli na 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na 1 a Burmi yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga nan hanya ba ta sake yankewa ba. Aikin auduga na Jazira da ya kankama a 1925 ya ja dubban mutane, haka nan noman dawa da riɗi na inji da aka fara a ƙasar Gadarif a tsakiyar shekarun 1940, wanda duk da injinansa bai daina buƙatar hannu ba wajen cire ciyawa da yankan riɗi. Da haka unguwannin Hausawa suka kafu a Gadarif da Kassala, da ƙauyuka a bakin kogin Rahad da kogin Atbara da kewayen Gallabat.

Abin da hanya ta ci a jikin mace

Daga Kano zuwa Gadarif, ko a miƙe aka auna, ya kusa kilomita 3,000. A ƙafa ya fi haka nesa ba kusa ba: Barno, tafkin Chadi, Abeshe, Jinaina, Fashir, Ubayyid, sannan a tsallaka Nilu. Ba tafiyar wata ɗaya ba ce ko biyu. Ayari yakan tsaya damina guda a yi noma a samu guzuri, a tashi, a sake tsayawa. Shekaru ake ɗauka. Yaron da aka fito da shi a goye yakan iso Sudan yana kiwon awaki, ga ƙannensa biyu ko uku da aka haifa a zango daban-daban.

A tsaya a yi tunanin wannan haihuwar. A al'adarmu mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki, uwarta ko kakarta ta tsaya mata, a yi mata wankan jego, a dama mata kunun kanwa, ta huta har ta yi arba'in. Wadda naƙuda ta kama a wani zango tsakanin Wadai da Darfur ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da ta samu shi ne wata tsohuwa a cikin ayari, wadda ba dangin iya ba na baba, ta karɓi haihuwar, ta yanke cibi, ta dafa ruwa in akwai ruwan. Kwana kaɗan a ɗaura kaya. Wadda jaririnta bai yi rai ba, a binne shi a gindin wata bishiya, ta juya ta bi ayari, ta san har abada ba za ta sake ganin wurin ba.

Ranar tafiya kuwa, namiji in an sauka ya sauka ke nan. Mace in an sauka aikinta ya fara: neman ruwa, neman itace, daka, tankaɗe, tuƙa tuwo, wanke yara. Ba ana rage wa mazan daraja ba ne, sun yi noma, sun yi dako, sun tsare ayari daga 'yan fashi, Allah Ya saka musu. Amma an faɗi nasu, an maimaita.

Kuma ba girki kaɗai ba. Kuɗin da ya riƙe gidaje da yawa a lokacin da amfanin gona bai iso ba, daga hannun mata ya fito: ƙosai, fura, soyayyar gyaɗa, man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kitso, kaɗin auduga. Har gobe a kasuwannin Sudan an san godo-godo, wanda ake yi da gero da nono, a matsayin abincin Hausawa, kuma mata ne suka fito da shi daga tsakar gida zuwa bakin titi. Agashe ya yi suna ya ɗaga sunan maza masu tukuba, amma ƙuli-ƙulin da ake barbaɗa masa wa ya saba soya shi? Da irin waɗannan 'yan kuɗaɗe aka sayi allo da tawada, aka yi wa 'ya'ya mata kayan ɗaki, wani lokaci ma aka cika kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda, maigida ya tsallaka Bahar Maliya ya dawo Alhaji, ita tana gida tana tsaron yara.

Wani mai bincike, Bawa Yamba, ya fitar da littafi a 1995 kan jikokin mahajjatan yamma da ke zaune a Sudan. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne mutanen da aka haifi iyayensu da kakanninsu a can, amma har yanzu suna ɗaukar kansu matafiya ne a kan hanyar Makka. A ganina ba a majalisin maza kaɗai wannan niyya ta rayu ba. Yaro kafin ya isa zama a majalisi ya riga ya shekara shida ko bakwai a gindin wata mace, yana jin inda aka fito da inda aka nufa.

Kuma akwai abin lura a nan ga ɗalibi. Wannan Makka da suka sha wuya dominta, ɗaya daga cikin rukunan hajjinta tunawa ne da wahalar uwa. Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas (RA) labarin Nana Hajara, yadda ruwa ya ƙare mata ita da jaririnta Annabi Isma'il (AS) a kwarin da babu shuka babu mutum, ta riƙa kai-komo tsakanin Safa da Marwa har sau bakwai tana neman mai agaji, kafin Allah Ya ɓuɓɓugo da Zamzam. Sarki da talaka, malami da jahili, babu wanda hajjinsa zai cika sai ya bi sawun wannan baiwar Allah. Matar da ta yi ta zagaye a dajin Kurdufan da tulu a ka da yaro a baya tana neman rijiya ta san ma'anar sa'ayi tun kafin ta ga Safa, in ma Allah Ya nufe ta da gani.

Matsayin uwa, da wanda ake mantawa: matsayin kaka

Ayoyin sanannu ne. A Suratu Luƙman aya ta 14 da Suratul Ahƙaf aya ta 15, Allah Ya yi wasiyya da iyaye biyu, amma da Ya zo bayanin wahala sai Ya ambaci ta uwa: ɗaukar ciki cikin rauni, haihuwa cikin wuya, shayarwa har zuwa yaye. A hadisin Abu Huraira (RA) da ke cikin Bukhari da Muslim, wani mutum ya tambayi Manzon Allah (SAW) wanda ya fi cancantar kyakkyawan zama daga gare shi, aka ambata masa uwa sau uku kafin a ambaci uba. Ibn Baɗɗal, malamin Andalus mai sharhin Bukhari, ya danganta ukun nan da wahalhalu uku da uwa ta keɓanta da su, wato ciki da haihuwa da shayarwa.

Wannan kowa ya ji shi a huɗuba. Abin da ba a cika ji ba shi ne inda shari'a ta ajiye kaka. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wata kaka ta zo wurin Sayyidina Abubakar (RA) tana neman gadonta. Bai sallame ta da zato ba, sai da ya tambayi sahabbai. Mugira bin Shu'uba ya shaida cewa Annabi (SAW) ya ba kaka sudusi, Muhammad bin Maslama ya ƙarfafa shi, aka zartar mata. Don haka kaka tana da kashi ɗaya cikin shida idan babu uwar mamaci. A babin reno kuma, malaman Malikiyya sun ce idan uwa ta rasu ko haƙƙinta na riƙon yaro ya faɗi, wadda ke biye mata ita ce uwarta, wato kaka ta wajen uwa, kuma 'yar'uwar uwa tana gaba da uba a wannan jeri. Asalin wannan na ƙarshe yana cikin hukuncin da Annabi (SAW) ya yi kan 'yar Sayyidina Hamza, inda ya miƙa ta gidan Ja'afar saboda matarsa 'yar'uwar mahaifiyar yarinyar ce, ya kuma bayyana cewa tana a matsayin uwa.

Al'adar Bahaushe ta zo ta dace da wannan. Gidan kaka ake kai yaro yaye. Ɗan fari, wanda uwarsa ke jin kunyar ko kiran sunansa, sau da yawa a ɗakin kaka yake samun mai rungumarsa a fili. Ita ce mai wasa da jika, ta kira namijin maigidanta, ta kira macen kishiyarta, kuma ta cikin wannan wasan take faɗa wa yaro gaskiyar da uwa da uba ba za su iya buɗe baki su faɗa ba. Larabawan Sudan suna ce mata habboba, kuma su ma sun san darajarta wajen tatsuniya da maganin gida.

Amma a gidan Bahaushen Gallabat ko Gadarif kaka tana da wani aiki da ba ta da shi a Kano. Yaro Larabci yake ji a makaranta, Larabci a kasuwa, Larabci a rediyo. In Hausa ta zauna a bakinsa, to a ɗakin kaka ta zauna, daga "ga ta nan ga ta nanku" zuwa sunan miyar kuka da daddawa, zuwa yadda ake durƙusawa a gai da babba. Ita ce kuma ta fara biya masa Fatiha da addu'ar barci kafin ya ga malamin allo. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa a gidan da mata ke da karatu ya tashi, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da ta tashi kai ilimi ƙauyuka, dattawan mata ta zaɓa ta naɗa su jajis na 'Yan Taru, domin ta san su ne ake saurara a cikin gida.

A nan akwai maganar da ba a son faɗa, amma gara a faɗe ta. Shekaru da yawa kalmomin Fallata da Takari sun kasance a bakin wasu mutane kalmomin raini. Batun takardar zama ɗan ƙasa ma ya wahalar da iyalai masu yawa, domin dokar 1957 ta nemi a tabbatar da zaman kakanni na wajen uba a ƙasar tun ƙarshen 1897, kuma sai a 2005 aka buɗe wa ɗa ƙofar neman zama ɗan ƙasa ta wajen uwarsa. A cikin wannan matsi, an samu matasan da suka ga mafita ita ce su nesanta kansu da duk abin da zai tona asalinsu. Abu na farko da ke tona shi kuwa ita ce tsohuwar da ke ƙuryar gida, mai tsagar gado a fuska, mai Larabcin da bai miƙe ba. Sai ka ga saurayi ya yi baƙi abokan makaranta, yana addu'ar kada kakarsa ta fito. Ina fahimtar zafin gorin da ya kai shi ga haka. Amma Suratul Isra'i aya ta 23 ta hana ko ƙaramar kalmar ƙosawa ga iyayen da suka tsufa a hannunka, to ina ga jin kunyar a gan su? Kuma irin wannan ciwon yana nan a Abuja da Yamai, a gidan ma'aikacin da ke ajiye tsohuwarsa a ɗakin baya idan manyan baƙi za su zo.

Ba tarihi ba ne kawai

Wahalar ba ta ƙare da zamanin ayari ba. Jihar Gadarif tana cikin wuraren da cutar kala'azar ta fi yawa a duniya. Wani ɗan mitsitsin ƙuda ne ke yaɗa ta, mai zama a dajin aduwa da dushe, a baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, kuma yara ta fi kamawa. Zazzaɓi ne mai daɗewa da kumburin saifa da rama, in ba a yi magani ba kisa take yi. Maganinta allura ce kullum har kwana 17, a da ma kwana 30 ne. Wa ke ɗaukar yaron daga ƙauye zuwa cibiyar magani, ta kwana a tabarma gefen gadonsa duk tsawon kwanakin nan? Kuma wa ke riƙe sauran yaran a gida har ta dawo? Uwa ce da kaka. Mutane da yawa da ke yawo da ƙafarsu yau a wannan yanki, da waɗannan kwanaki 17 ɗin suke yawo.

Sai kuma gudun hijira. A watan Nuwamba na 2020 'yan gudun hijira daga yankin Tigrai na Habasha suka kwararo jihar, aka sake buɗe sansanin Um Rakuba da ke ƙasar Gallabat ta gabas. A watan Yuli na 2022 rikicin jihar Nilul Azraƙ ya raba dubban Hausawa da gidajensu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, gadar Gallabat ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙofofin fita ƙasar, dubun-dubatar mutane suka bi ta nan zuwa Matamma. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, da Sinja a tsakiyar 2024, jama'a suka sake tuɗaɗowa Gadarif, makarantu suka zama masauki. Duk wanda ya ga hotunan ya ga su wane ne suka fi yawa a cikinsu: mata da ƙullin kaya a ka, da yara riƙe da gefen mayafi, da tsofaffin da aka ɗora a amalanken jaki. Jikokin matan da suka shigo Sudan da ƙafa, ga su suna ratsa ta da ƙafa. A wuraren dafa abincin sadaka da ake kira takaya, su ne dai a bakin tukunya.

To mene ne godiyar?

A ƙasashen Larabawa, har da Sudan, ana bikin ranar uwa a 21 ga Maris, al'adar da ta faro daga Masar a 1956. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinta, ba kuma shi ne zancenmu ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda godiya ta koma ɗora hoton tsohuwa a Facebook da dogon rubutu, alhali ita ba ta karatu, ba ta da waya mai intanet, kuma rabonta da jin muryar mai rubutun ya fi wata guda.

Farkon godiya ciyarwa ce. Malamai sun haɗu a kan cewa ɗa mai hali wajibi ne ya ciyar da iyayensa mabuƙata. Malikiyya sun tsayar da wannan wajibi na gaban alƙali a kan uwa da uba, sauran mazhabobi uku suka shigar da kakanni. Kada wani ya riƙe wannan ya ce Malikiyya sun sauke masa nauyin kakarsa. Abin da alƙali zai tilasta daban, sada zumunci da Allah zai tambaya daban. Wanda ke aiki a Jidda ko Fatakwal ya yanka mata wani abu sananne duk wata, ya shiga hannunta ita kanta, ba sai ta aiko ba, domin yawancin iyayenmu mata sun gwammace su kwana da yunwa da su buɗe baki su roƙi ɗansu.

Sai gado, inda ake yawan zalunci da sunan kyautatawa. Maigida ya rasu ya bar gona da gida da shanu, 'ya'ya maza su ce ba sai an raba ba, ai Inna tana hannunmu, ci da sha ba ta rasa ba. Alhali tana da tumuninta a dukiyar mijinta. In ɗanta ne ya rasu tana da sudusi ko sulusi gwargwadon waɗanda ya bari, kamar yadda Suratun Nisa'i aya ta 11 ta bayyana. Ciyar da ita haƙƙi ne daban, gadonta haƙƙi ne daban, ɗaya ba ya biyan ɗaya. A ba ta nata ta riƙe, in ta ga dama ta yi sadaka da shi, in ta ga dama ta biya kujerar Makka, in ta ga dama ta ba jikar da take so.

Ga ɗalibai masu nisa da gida kuwa, a tuna da Uwaisul Ƙarni na Yaman. Ya yi zamani da Annabi (SAW) amma bai samu ganinsa ba, malamai suka ce hidimar mahaifiyarsa ce ta tsare shi. A Sahihu Muslim, Annabi (SAW) ya yabe shi da biyayya ga uwarsa, ya kuma umarci Sayyidina Umar (RA) da ya nemi ya roƙa masa gafara in ya gamu da shi. Ba ana cewa ka bar karatu ba ne. Ana cewa kiran waya na minti biyar ba ya rage haddar kowa. Idan ka kira kuma, ka bar ta ta yi zancenta har ƙarshe, ko da ka taɓa jin labarin sau goma.

Wata gargaɗi a gefe: kyautata wa uwa ba lasisin cutar da mata ba ne. Matarka ita ce uwar 'ya'yanka, kuma a gabansu kake koya musu yadda ake ɗaukar uwa. Hidimar mahaifiyarka a wuyanka take kai ɗanta. In matarka ta taya ka, to alheri ta yi maka, ka gode mata.

Akwai kuma wani nau'in godiya da lokaci ke ƙure masa. Tsofaffin da suka ji labarin hanya daga bakin waɗanda suka taka ta suna ƙarewa, yaƙin nan kuma ya ƙara saurin ƙarewarsu. Duk mai kaka a raye ya ɗauki wayarsa ya zauna gabanta ya naɗi muryarta, bayan ya nemi izininta. Ya tambaye ta sunan uwarta da na kakarta, da garin da suka fito, da zangon da aka haifi wane, da inda aka binne wance, da 'yan'uwan da aka bari a baya, da sana'ar da ta riƙe gidan a shekarar yunwa. Ya rubuta sunayen a takarda ya raba wa dangi. Malaman makarantun Islamiyya za su iya ba ɗalibai wannan a matsayin aikin hutu. Addu'a ga "kakanninmu" a dunƙule tana isa in Allah Ya so, amma wanda ya san suna ya fi jin abin da yake roƙo, kuma da sunayen nan ne ake gano dangin da aka rabu da su tsakanin Gadarif da Katsina.

Waɗanda suka riga mu

Annabinmu (SAW) ya san mutuwar uwa a kan hanya. Yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa Nana Amina ta rasu a Abwa'i, suna dawowa daga Madina zuwa Makka. Wadda ta kama hannunsa ta ƙarasa da shi gida ita ce Ummu Aiman, sunanta Baraka, mutuniyar Habasha, ƙasar da mutumin Gallabat ke hangowa daga ƙofar gidansa. Bai manta da ɗayansu ba. Muslim ya ruwaito cewa ya ziyarci kabarin mahaifiyarsa ya yi kuka har ya sa na kusa da shi kuka. Ummu Aiman kuwa ya riƙa ziyartarta har ƙarshen rayuwarsa, kuma bayan wafatinsa Abubakar da Umar suka ci gaba da zuwa gaishe ta domin sun ga yana yi. Ke nan matar da ta yi maka reno ba ita ta haife ka ba, kishiyar uwa ce ko goggo ko maƙwabciya, tana da rabonta a cikin wannan babi, haka ma ƙawayen mahaifiyarka da suka rage.

Da yawa daga cikin kakanninmu mata sun fito da niyyar hajji suka rasu ba su ga Ka'aba ba. Bukhari ya ruwaito cewa wata mata daga ƙabilar Juhaina ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ta yi bakancen hajji ta rasu ba ta yi ba, ya umarce ta da ta yi mata, ya kwatanta shi da biyan bashi. Shafi'iyya da Hanabila sun yi aiki da wannan, da sharaɗin mai yin ya riga ya sauke nasa faralin. Imam Malik ya fi son a yi wa mamaci addu'a da sadaka, sai dai in ya bar wasiyyar a yi masa hajji, to a zartar daga sulusin dukiyarsa. Mai hali ya tambayi malamin garinsu ya bi abin da ya natsu da shi.

Wanda bai da kuɗin kujera kuma ƙofa ba ta rufe masa ba. Sa'ad bin Ubada (RA) da mahaifiyarsa ta rasu ya tambayi wace sadaka ce ta fi, aka nuna masa shayar da ruwa, ya haƙa rijiya da sunanta, kamar yadda Abu Dawud ya ruwaito. Duk wanda ya san ƙasar Gadarif ya san ƙishirwarta da bazara, lokacin da hafirai ke ƙafewa, farashin gangar ruwa a amalanke ya tashi, mata da yara su yi sammako da jarkoki. 'Ya'ya da jikokin mace ɗaya, in aka ƙirga na gida da na Saudiyya da na Najeriya, sukan kai mutum talatin ko arba'in. In kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa, gyaran famfon unguwa da ya lalace, ko yashe hafiri kafin damina, ko tankin ruwa a makarantar da 'yan gudun hijira ke zaune, ba zai gagare su ba.